Aegis, Aster ko Barak 8: Wace Garkuwa Ce Ta Dace da Jirgin Ruwan Yaƙi?

Kafin kwamitin sayen makamai na rundunar sojin ruwa ya zauna ciniki da kowane kamfani, ya kamata ya tantance irin makami mai linzamin da yake tsoro, domin barazanar iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Nau'in kuruz yana tafiya ne dab da fuskar ruwa, don haka na'urar rada ba ta ganinsa sai ya rage kimanin kilomita 30. Idan irin Exocet ne, wanda ya hallaka mutum 20 a jirgin Birtaniya Sheffield a 1982 da mutum 37 a jirgin Amurka Stark a 1987, lokacin da ma'aikata ke da shi bai kai minti biyu ba. Idan kuwa BrahMos ne, mai gudun da ya kusa ninka na sauti sau uku, daƙiƙa talatin ne da 'yan kai. Nau'in balistik sama yake hawa sannan ya faɗo wa jirgi ta ka, kuma kakkaɓo shi yana buƙatar rada mai hangen sama sosai da makamin da aka ƙera domin wannan aiki.

Tsarin Aegis na kamfanin Lockheed Martin na Amurka shi ne ya fi kowane faɗi, domin yana sarrafa makaman kakkaɓo makamai masu linzami irin SM-2 da SM-6 da kuma SM-3, wanda ke tarar makamin balistik a wajen iskar duniya ya yi karo da shi. An fara harba SM-3 a fagen daga a watan Afrilun 2024, lokacin da Iran ta kai wa Isra'ila hari. Sai dai mai saye ya lura cewa sunan Aegis kaɗai ba ya nufin kariya daga balistik: jiragen Norway suna da Aegis amma makamin kariyar sama da suke ɗauka shi ne ESSM kawai, wanda zangonsa bai kai na SM-2 ba, alhali Amurka da Japan ne suka daɗe da ɗora SM-3 a jiragensu. Kowane SM-6 yana kusan dala miliyan 4, SM-3 kuma ya fi haka tsada nesa ba kusa ba, ga shi ba ya tsinana komai a kan makamin da ke shawagi ƙasa-ƙasa. Aegis kuma yana buƙatar babban jirgi, da amincewar gwamnatin Amurka a kan kowane ciniki.

Aster na Faransa da Italiya shi ne, a ganina, ya fi dacewa da runduna mai matsakaicin ƙarfi wadda ke fuskantar barazana ta gaske. Aster 15 yana cin kimanin kilomita 30, Aster 30 kuma kimanin 120. Rikicin Bahar Maliya ya gwada shi: a watan Maris na 2024 jirgin Faransa Alsace ya kakkaɓo makaman balistik uku na 'yan Huthi, a watan Afrilu kuma jirgin Birtaniya Diamond ya kakkaɓo ɗaya. Waɗannan makamai ne masu gajeren zango, don haka kada a ɗauka Aster 30 zai yi aikin SM-3. Akwai wani tarko a wajen gurbin harbi: gurbin Sylver A43, wanda shi ne gajere, Aster 15 kaɗai yake ɗauka, sai A50 ko wanda ya fi shi tsawo ne ke ɗaukar Aster 30, kuma wanda ya zaɓi gajeren gurbi don rage kuɗi ya toshe wa kansa hanyar ƙara zango sai da gagarumin aikin gyara. Masar da Maroko duk suna da jiragen yaƙi samfurin FREMM, ƙirar Faransa da Italiya, masu ɗauke da Aster.

Barak 8, wanda Isra'ila da Indiya suka ƙera tare, yana cin kilomita 70 zuwa 100, kuma falalarsa ita ce yana shiga jirgin da bai kai tan 2,000 ba kamar Sa'ar 6 na Isra'ila. Ƙarfinsa yana kan makaman kuruz da jiragen sama. Ga wasu ƙasashe, siyasar sayen makami daga Isra'ila ita za ta yanke hukunci tun kafin a duba ingancinsa.

Ko wane tsari aka zaɓa, layin kariya na kusa da jirgi shi ne bai kamata a yi masa rowa ba. ESSM yana cin kimanin kilomita 50 kuma guda huɗu suna shiga gurbi ɗaya na Mk 41, wato gurbin harbi ƙirar Amurka, CAMM na Birtaniya yana cin fiye da 25 kuma ba ya buƙatar rada ta musamman da za ta haska masa abin hari. Bayansu sai RAM, ƙaramin makami mai linzami mai gajeren zango, sai bindigar Phalanx mai aman harsashi 4,500 a minti, wadda jirgin Amurka Gravely ya dogara da ita a Janairun 2024 bayan wani makamin kuruz ya matso kusa da shi ƙwarai. Na'urorin yaudara irin Nulka, masu karkatar da makami daga jirgi, su ma sun fi manyan makaman tarewa araha.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne yawan gurabe da ajiya. Jirgin Amurka samfurin Arleigh Burke yana da gurabe 90 zuwa 96, Type 45 na Birtaniya an ƙera shi da 48, wasu jiragen FREMM kuwa 16 kacal ne na Aster, kuma galibi idan suka ƙare sai an koma tashar jiragen ruwa a sake lodi. A Bahar Maliya an yi ta harba makamai na miliyoyin daloli kan jirage marasa matuƙa masu araha. Ba a fafe gora ranar tafiya, tunda odar irin waɗannan makamai shekaru take ɗauka kafin a kawo. Saboda haka kwangilar ta ƙunshi lodi na biyu a ajiye, da horar da ma'aikata, da gwajin harbi na gaske kafin a karɓi jirgi, tare da rubutaccen wa'adin kawo ƙarin makamai idan yaƙi ya ɓarke.