Kwana goma sha biyu a motar haya mai ɗaki, daga Amarillo zuwa Taos

Bayan na yi ritaya daga aikin koyarwa a jihar Texas, ni da uwargidana Hajiya muka ɗauki hayar irin motar nan da Amurkawa ke kira RV, wadda aka haɗa ɗakin kwana da kicin da banɗaki a bayanta. Tsawonta ƙafa 25 ne, kuma lasisin tuƙina na yau da kullum ya wadatar. Mun tashi daga Amarillo muka nufi yamma, muna ratsa ragowar tsohuwar hanyar Route 66, wadda aka buɗe a 1926 tsakanin Chicago da Los Angeles a jihar California, aka kuma soke ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasar a 1985. A garin Tucumcari na jihar New Mexico muka yi zangon farko.

Abin da ya fi gamsar da mu shi ne motar ba ta raba mu da abin da muka saba ba. Murhun gas ɗin ya isa Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa, firij ɗin ya riƙe miyar kukar da muka taho da ita, kuma da asuba nakan shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin teburi da ƙofa in fuskanci arewa maso gabas, domin can alƙibla take daga wannan yanki. Idan gwiwa ta motsa, sai mu tsaya mu ƙara kwana ba tare da neman masauki ba.

Wannan rashin gaggawa ne ya ba mu damar yin yini biyu muna komawa tsohon garin Taos Pueblo da ke arewacin New Mexico, inda ’yan asalin ƙasar suke zaune a gidajen ƙasa masu hawa-hawa tun ƙarnoni kafin zuwan Turawan Sifaniya. Har yau babu lantarki ko famfo a cikin tsohon garin, ruwan rafin da ya ratsa shi suke ɗiba, kuma sukan sake yaɓe bangayen da laka. Hajiya ta shafa wani bango ta ga ciyawar da aka kwaɓa a cikin ƙasar, ta ce da ni, "Malam, ai wannan aikin maginan Kano ne." Ni kuwa itatuwan rufin da suka leƙo ta jikin bango ne suka tuna mini azara. Kalmar adobe da suke kiran wannan gini da ita ta shigo Sifaniyanci ne daga Larabci, aɗ-ɗub. Daga wannan yanki ’yan asalin ƙasar suka shirya boren 1680 da ya kori Sifaniyawa daga Santa Fe, babban birnin New Mexico, har tsawon shekara goma sha biyu.

Sai dai duk wanda ya ɗauka wannan hanya ta fi otel araha ya sake lissafi. Motar tana shan mai sosai, galan ɗaya bai wuce ya kai mu mil tara ba, ga kuɗin wurin kwana, ga kuɗin da kamfanin ke ƙarawa a kan kowane mil. Gadon da ke saman wurin direba ba na dattawa ba ne, mun mai da shi ma'ajiyar kaya. Zubar da tankin banɗaki aiki ne da ke buƙatar safar hannu da haƙuri, kuma tiyon da aka ba mu yana yoyo, na kira kamfanin sau uku kafin a amince in sayi sabo a biya ni. A Santa Fe ma, lungunan tsakiyar gari sun yi wa motar ƙunci, dole muka ajiye ta a waje muka hau tasi.

Duk da haka mun yanke shawarar sake ɗaukarta a kaka mai zuwa, amma ƙarama, mai gado a ƙasa, kuma zan duba tiyon da kaina kafin mu bar harabar kamfanin.