Wata cibiyar shirya malamai don jarrabawar TRCN a Zariya: abin da na tarar

Na shafe makonni huɗu ina zuwa wata cibiyar kwamfuta a Zariya wadda ke horar da masu shirin zana jarrabawar cancanta ta Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun ranar farko, kafin in taɓa kwamfuta ko ɗaya. Ni digirina na farko a fannin kimiyyar sinadarai yake, daga baya na yi babbar difloma ta ilimi, PGDE, saboda koyarwa ce sana'ata. Na tafi tare da ƙanwata, wadda take shekararta ta uku a karatun NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, kuma a lokacin tana tsakiyar gwajin koyarwa a wata firamare, da nufin in biya mana kuɗin horo mu biyu, a kuma taimaka mana da cike fom.

Mai kula da rajista, wani dattijo da ya ce ya yi ritaya daga aikin koyarwa, bai karɓi ko sisi ba sai da ya duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na ƙanwata ya ga katin shaidar ɗalibta ne kawai da takardar tura ta gwajin koyarwa, sai ya mayar mata da su, ya ce, "'Yata, tsayawa gaban allo da alli bai mayar da ke mai takardar shaidar malanta ba tukuna. Ki koma kwalejinku ki tambayi yadda suke shirya rantsar da masu kammala karatu, domin ta nan hanyarki take." Ya bayyana mana cewa hukumar, wadda aka kafa da doka ta 31 ta shekarar 1993, tana raba malamai rukuni huɗu bisa takardunsu: masu digirin digirgir a rukunin A, masu digiri na biyu a B, masu digiri na farko a C, masu NCE kuma a D, kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar da aka amince a shiga aji da ita a Najeriya. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne, kamar ni, sai ya haɗa da diflomar koyarwa kafin a sa shi cikin lissafi. A gabanmu ya sallami wani saurayi mai digirin tattalin arziƙi da ya shekara biyar yana koyarwa a makarantar kuɗi, ya shawarce shi da ya fara neman PGDE a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan gaskiyar ta burge ni ƙwarai, domin na san masu shagunan da za su karɓi kuɗin ɗaliba su cike mata fom, ba ruwansu da abin da zai biyo baya.

Horon kansa yana da amfani, musamman ga wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba, tunda jarrabawar, wadda aka soma a 2017, a kan kwamfuta ake yin ta da tambayoyin zaɓi. Na ga wata malama da ta kusa shekara hamsin tana riƙe linzamin kwamfuta da hannu biyu a makon farko, amma zuwa mako na uku tana komawa kan tambayoyin da ta tsallake ba tare da ta kira kowa ba. Darussan tarihin ilimi, halayyar ɗan'adam, auna fahimtar ɗalibai da ɗa'ar aikin malanta duk an koyar da su da kyau.

Sai dai akwai gyara. Kwamfutocin ba su ishi masu zuwa da yamma ba, har mutum uku kan taru a kan guda, kuma idan aka ɗauke wuta janareton yakan ɗauki lokaci kafin ya tashi, agogon jarrabawar gwajin kuwa ya koma farko. Abin da ya fi damuna shi ne kundin tambayoyinsu, wanda na samu amsoshi biyu da ba daidai ba a sashen lissafi. Na nuna wa mai koyarwa ya amince, amma har na gama ba a gyara su ba, alhali malamai ne ke haddace su.

Wanda takardunsa suka cika, ina ba shi shawarar ya zaɓi ajin safe, ya kuma tafi da ainihin takardun shaidarsa. Ƙanwata kuwa an ba ta damar zama a baya tana kallon jarrabawar gwaji ta ranar Asabar kyauta, har zuwa lokacin da sakamakonta na NCE zai fito.