Hattara da mai tallan "ɓerayen zinare" a Zariya

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan Samaru, Kongo da Sabon Gari. Akwai wani mutum da ke tallan ɓerayen ado a zaurukan WhatsApp, yana kiransu 'yan zinare, wai daga Ingila aka kawo iyayensu. Mace da namiji Naira 25,000, da alkawarin duk ɗan da suka haifa zai saya Naira 5,000, muddin ya fito da launin iyayensa. A wannan "muddin" ɗin tarkon yake.

Ni fararen ɓeraye nake kiwo, ɗalibai masu bincike ne ke saye a wurina. Ƙanena bai shawarce ni ba, ya kwashi kuɗin da yake tarawa ya tura kafin alƙalami, suka haɗu a Kwangila da magariba aka miƙa masa kwali. Bayan mako uku macen ta haifi takwas. Da gashi ya fara tsiro musu, sai ga su fari fat, idanu jajaye. Ya kira mutumin, shi kuma ya ce abinci ne bai dace ba, ya ƙara sayar masa da wani gari a leda. Da na shinshina, dusa ce da garin ƙuli-ƙuli.

Sai a lokacin ya zo mini. "Yaya, don Allah duba mini, ko ciwo ne ya kama su?" Na ɗaga namijin na hura gashin bayansa. Sama ruwan goro, gindin gashin fari sol. Farata da fatar kunne duk sun rine. Lalle ne aka shafa wa zabiyan ɓera, irin wanda ke cike da kejina.

Abinci ba ya sauya launin zabiyan ɓera, gadonsa ya yi. Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ta zabiya mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ɗan ya same ta ta ɓangarorin biyu, sannan jikinsa ya kasa yin sinadarin launi gaba ɗaya. Jan idon ma jini ne ake hangowa ta ciki. Saboda haka zabiya da zabiya, zabiya za su haifa, ko shekara goma za a yi ana ba su garin leda. Mutumin ya san ba za a taɓa kawo masa ɗa mai ruwan zinare ba, shi ya sa bakinsa bai yi nauyi wajen alkawari ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, ko da na gaskiya ne daga Ingila, maganarsa ta "duk 'ya'yan za su biyo iyaye" ba ta tsayawa. Rawayan ɓeran da masu kiwon can suka saba da shi yana ɗauke da ƙwayar gado mai rinjaye amma mai kisa. Ɗan da ya gaje ta daga uwa da uba yakan mutu tun a ciki, wato kusan ɗaya cikin huɗu. A cikin waɗanda aka haifa, biyu cikin uku ne ke fitowa rawaya, sauran su zo da wani launi. Wani masani Bafaranshe, Lucien Cuénot, ya lura da wannan lissafi tun 1905. Irin waɗannan ɓerayen kuma suna da saurin yin ƙiba, na ƙanena kuwa sirara ne kamar tsinke.

Kada dai a ce jan ido kaɗai ya isa shaida, don akwai masu ruwan zuma na ainihi da idonsu ke da ja. Gindin gashi za a duba, da rana tsaka, ba a duhun magariba a bakin titi ba. A nemi ganin uwa tana shayar da 'ya'yanta a kejin mai sayarwa. In ya fara kame-kame, wai gonar tana nesa, a riƙe kuɗi, ba a cinikin biri a sama.

Yanzu lambar da ya ba ƙanena a kashe take. Amma shekaranjiya wani abokina ya nuna mini talla iri ɗaya da sabuwar lamba, hoton kwalin ma bai sauya ba, sai dai wannan karon "masu shuɗi" ne, har da ragi ga ɗalibai. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da saƙonnin da suka yi, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, mu mun kai tamu. 'Yan zinaren ƙanena kuwa suna nan a kejina, sabon gashi ya gama fito musu, ba ka iya bambanta su da nawa.