Bindigar auna zafi: wata shida ina ɗana ta a tayoyin tsohuwar akori-kurata

Tafin hannuna ne ya sa na sayi na'urar nan. Wata rana na ji wani ƙauri a hanya, na tsaya, na bi tayoyin motar ina dafa wili ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Uku na dafa lafiya lau. Da na kai ga ta gaba ta dama, sai da na yi kwana uku ban iya damƙe sitiyari sosai ba.

Siffarta ta ƙaramar bindiga ce, da kunama da ɗan allo a ƙeya. Ka saita, ka ja, lamba ta fito nan take. Ba ta taɓa ƙarfe. Hasken zafin da abu ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, shi take karantawa. Tawa da batir ɗaya mai bolt 9 take aiki, kuma har yau ban canza shi ba.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, lambar da ta ba ka ita kaɗai ba ta da wani amfani. Birki dama aikinsa ke nan, ya mai da gudu ya koma zafi, saboda haka faifan birki mai lafiya ma yakan yi zafi bayan gangara ko cunkoso. Amfanin yana wajen kwatanta hagu da dama. Na yi tafiyar kamar minti ashirin a miƙaƙƙiyar hanya, ina kaffa-kaffa da taka birki, na bar motar ta gangara har ta kusa tsayawa da kanta. Faifan hagu ya nuna digiri 58, na dama 164. Mota ɗaya, hanya ɗaya, kaya ɗaya. Nan magana ta ƙare: akwai abin da ke riƙe da tayar dama.

Sai tambaya ta biyu, wadda a nan ne na fi jin daɗin na'urar: boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ko birki? Da hannu ba ka rarrabewa, ko'ina wuta ne. Da ita kuwa sai ka bi zafin ka ga inda ya fi taruwa. Idan boris ne ya bushe babu giris, ko an ɗaure shi ya wuce kima, zafin daga cibiyar tayar yake tasowa, yana raguwa in ka nufi bakin faifan. Idan birki ne ke gogar faifai, a inda fad, wato takalmin birkin da ke matse faifai, ke kamawa zafin ya fi, cibiyar ta biyo baya. Amma fa a auna da zarar an tsaya, don in aka yi jinkiri zafin ya bazu ko'ina, sai komai ya zo kusan ɗaya. Tawa cibiyar ba ta kai rabin zafin faifan ba. Na wanke boris daga zargi, alhali har na fara tunanin sayen sabo.

Daga nan aikin na'urar ya ƙare. Ta nuna mini wurin, dalili kuwa sai da muka sa jak. Muka ɗaga gaban, na taka birki na saki, makanikena ya kama tayar zai juya, ta ƙi sai da ƙarfi. Ni na riga na yanke cewa kalifa ce, wato ƙarfen da ke matsa fad a jikin faifai, ta cije da tsatsa. Dattijon bai ce mini komai ba, ya ɗauko sifana ya sassauta ɗan notin da ake fitar da iska. Man birki ya yi tsartuwa, taya ta sake tana juyawa da yatsa ɗaya. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Da fistin ne ya cije, ko man duka ka zubar ba za ta saki ba. Mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa." Tiyon roba ne da ke kai mai ga kalifar ya ruɓe ta ciki. Ƙarfin ƙafarka yana tura man ya wuce, amma dawowa ta gagara. Daga waje kuwa tiyon sumul, ko tsaga babu. Da tayoyin gaban biyu ne suka riƙe tare, da masta, wato babban famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, muka fara tuhuma. Muka canza tiyo na ɓangarorin biyu, da fad ɗin da suka ƙone suka yi santsi, muka zubar da man gaba ɗaya. Man birki samfurin DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha danshi ma'aunin da aka gindaya masa 140 ne kacal, kuma nawa ban san shekarar da aka zuba shi ba.

Na'urar tana da aibi, kuma babba. Ƙarfe mai sheƙi yana yaudarar ta. Ka ɗana ta a fuskar faifan da fad ya goge ya yi ƙyalli, sai ta ba ka lamba ƙasa da gaskiya sosai, wanda ke iya sa mutum ya koma kan hanya da kwanciyar hankalin banza. Wurin da ya yi tsatsa ko yake da baƙin fenti ya fi faɗin gaskiya, don haka a tsohuwar mota irin tawa ba a rasa inda za a saita. Jan ɗigon da take haskawa ma manuni ne kawai. An rubuta 12:1 a jikinta, wato in kana nesa da santimita 120, da'ira mai faɗin santimita 10 take aunawa, ta haɗa faifai da wili da duk abin da ya shigo ciki. Dole ka durƙusa ka matsa kusa, ka zura ta ramin wili. Allon kuma in rana ta take sai ka kare da hannu kafin ka karanta.

A tayoyin baya, inda birkin ganga yake, ta ƙara yi mini rana ɗaya. Bambancin hagu da dama bai kai na gaba ba, amma kullum yana nan, har muka gano wayar birkin hannu ce ba ta komawa duka.

Yanzu a aljihun ƙofar direba take zama. Duk doguwar tafiya, tsayawar farko nakan zagaya tayoyin huɗu, aikin minti ɗaya. Jiya faifan hagu 61, na dama 64.