Gidan Zoo na Kano: ku sammako, ku riƙo tabarma

Lambun dabbobi da tsirrai na Audu Bako, wanda Kanawa ke kira Gidan Zoo, yana kan titin Zoo Road, ba nisa da Ado Bayero Mall. An kafa shi a zamanin Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975. Duk ɗan adaidaita sahu ya san ƙofar.

Yawancin mutane zaki da kura da jimina suke zuwa gani, amma babban arzikin wurin nan bishiyoyinsa ne. A tsakiyar birnin da gine-gine suka cinye fili, samun doguwar inuwar da iyali za su shimfiɗa tabarma su ci abinci ba ƙaramin abu ba ne. Wannan kaɗai ya isa a biya kuɗin shiga.

Lokacin zuwa shi ne komai. Ku isa da hantsi, kafin ƙarfe 11. Da rana ta take, musamman a bazara daga Maris zuwa Mayu, dabbobin kan shige lungun kejinsu su kwanta, sai yaro ya yi ta leƙe bai ga komai ba. A hunturu ku sa wa yara rigar sanyi, ku shafa musu mai saboda ƙura. A damina kuwa lambun ya fi kyau, sai dai a sa takalmi rufaffe.

Kwanakin Sallah akwai cunkoso sosai. In dole sai ranar, ku rubuta lambar waya a takarda ku sa a aljihun kowane yaro, ku kuma nuna musu bishiya guda da za a haɗu in an rabu.

Wurin yana da faɗi kuma a ƙafa ake zagayawa, don haka kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 1, a tanadi canji na sayen ƙananan abubuwa. A kejin birai a tsaya baya da taku biyu. Hannunsu ya fi yadda ake zato tsawo, kuma abin da suka fizga, waya ce ko gyale, da wuya ya dawo. Kada a miƙa musu biskit ko alewa, yana ɓata musu ciki. Ku taho da leda ta kwashe shara kafin ku naɗe tabarma.