Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗin Haskaka Haƙora

Wanda yake son haƙoransa su yi fari ya kamata ya fara sanin abin da ya dusashe su, domin a kan wannan ne zaɓinsa zai tsaya. Akwai dattin da yake zama a saman haƙori sakamakon yawan shan shayi, kofi ko taba, akwai kuma launin da yake fitowa daga ciki. Haƙori yana da ɓawo mai tauri da ake kira inamel, a ƙarƙashinsa kuma akwai dentin, wanda asalinsa rawaya ne. Yayin da shekaru suke ja, ɓawon yana sirancewa, sai rawayar ciki ta ƙara bayyana. Wasu kuma tun suna yara haƙoransu suka rine, ko dai saboda maganin ƙwayoyin cuta na tetarasaikilin, ko saboda fuloraid, sinadarin da yake kare haƙori daga ruɓewa, idan ya yi yawa a ruwan sha.

Man goge baki da aka rubuta wa "mai sa fari" shi ne mafi sauƙin samu, amma aikinsa kusan duka kankare dattin sama ne, ba ya sauya launin ciki. Ga mai tabon shayi yana iya wadatarwa, musamman bayan likita ya wanke dattin da ya daskare. Wanda ake haɗawa da gawayi kuwa ban ga dalilin sayensa ba, domin yana iya yin kaushi, kuma da yawa daga cikinsu ba su da fuloraid. Haka nan ina roƙon mai karatu ya nisanci dabarar goga ruwan lemun tsami da ake yaɗawa a intanet. Tsami yana narkar da inamel, kuma inamel idan ya tafi ba ya sake tsirowa, sai mutum ya wayi gari da haƙora masu zogi waɗanda suka fi da rawaya.

Abin da yake sauya launi da gaske sinadari ne, haidurojin feroksaid, ko ɗan'uwansa kabamaid feroksaid, wanda yake ratsa ɓawon ya wargaza launin da yake ciki. A lura da alƙaluman da ke jikin kwali: kabamaid mai kashi 10 cikin ɗari daidai yake da haidurojin mai kusan kashi 3.5, saboda haka babbar lamba ba ita ce shaidar ƙarfi ba sai an san wane sinadari ake nufi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2011 cewa duk abin da ya haura kashi 0.1 har zuwa kashi 6 na haidurojin feroksaid sai ta hannun likitan haƙori za a fara amfani da shi, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kayan wasa ba ne.

Siraran ledoji masu mannewa a haƙori, waɗanda suke ɗauke da wannan sinadari, suna aiki idan an bi ƙa'idarsu, yawanci rabin awa a kullum na wajen mako biyu. Aibinsu shi ne an yanka su ne don kowa da kowa, don haka wanda haƙoransa suka hau juna zai ga fari a gaba, lungunan kuwa suna nan yadda suke.

A ganina, zaɓin da ya fi cancanta ga mafi yawan mutane shi ne murfin roba da likita yake aunawa daidai da bakin mutum, hanyar da likitoci biyu, Haywood da Heymann, suka bayyana a Amurka a 1989. Ana ɗiga maganin kaɗan a gurbin kowane haƙori, a sa murfin da dare ko na wasu awoyi da rana, har mako biyu ko uku. Da yake murfin ya zauna daram, maganin ba ya malala zuwa dasashi, kuma idan zogi ya taso mutum yana iya hutawa kwana ɗaya ko biyu sannan ya ci gaba. Murfin kuma yana nan a ajiye, duk lokacin da launi ya fara komawa sai a sayi magani kawai.

Wanda ake yi a kujerar likita ya fi sauri, domin a wasu ƙasashe ana amfani da haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 25 zuwa 40, bayan an rufe dasashi da abin kariya. Cikin awa ɗaya ko fiye mutum zai kalli madubi ya ga haƙora fes, amma wani ɓangare na farin bushewar haƙoran ce ta kawo shi, kuma bayan 'yan kwanaki zai ɗan ja baya. Fitilar da ake haska wa haƙoran ba ta ƙara wani abin a zo a gani, don haka bai dace a biya ƙarin kuɗi dominta ba. Idan dasashi ya yi fari fat yana raɗaɗi, to maganin ya taɓa shi ne, kuma wannan ya fi faruwa a hannun wanda ba likita ba.

Kowace hanya aka zaɓa, a fara gyara kogon haƙori da ciwon dasashi. Ciko da haƙorin roba ba sa yin fari, saboda haka mai ciko a gaba ya shirya sauya shi, bayan ya jira kamar mako biyu launi ya daidaita. Haƙori guda da ya yi duhu bayan buguwa yana bukatar bincike na daban, masu juna biyu da masu shayarwa kuma su dakata tukuna.

Bayan an gama, man goge baki mai sinadarin fotasiyam naitiret yana rage zogin ruwan sanyi, kuma ya fi amfani idan an fara shi mako biyu kafin aikin. A kwana biyun farko likitoci sukan ce a kauce wa ci ko shan duk abin da zai iya rina farar riga. Daga nan kuma a riƙa kurkure baki da ruwa bayan shayi, a jinkirta buroshi na rabin awa bayan cin abu mai tsami, a kuma zaɓi buroshi mai laushi. Farin yana iya ɗaukar watanni ko har shekara uku, amma mai shan taba shi ne zai riga kowa ganin rawayar ta dawo.