Canjin lowa am na gaba: a gida ko a gareji?

Malam na ga tambayarka tun jiya, ka ce Corolla ɗinka 2006 tana ƙara ƙwas ƙwas ta gaba in ka faɗa rami ko ka taka birki, an duba an ce lowa am ne, wato ƙarfen nan na ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, kana so ka san ko ka canza da kanka a gida ko ka kai gareji. Na yi duka biyun a irin motar, bari in faɗa maka yadda na gan su.

Kafin komai ka tabbatar am ɗin ne. Tayrod da bol join da ɗan sandan nan na sitabilaiza duk suna irin wannan ƙarar. Ɗaga motar, ka sa ƙarfe ka ɗan banƙara wajen bushin, wato robar da ke cikin ramin am ɗin inda kusa ke ratsawa, in robar ta tsage ko ka ga am ɗin yana wasa to shi ne.

A gida abin da ka samu shi ne natsuwa, ba mai hanzarta ka, ba yaron da zai ɗauko guduma ya hau dukan zaren noti. Kuma a Corolla aikin ba shi da yawa, noti biyu da kusa ɗaya ke riƙe bol join da am ɗin, sai manyan kusoshi biyu da suka ɗaure shi da jikin mota. Amma fa akwai inda take kama mutum. In motarka otomatik ce, kusar gaba ta gefen direba ba ta fita, tana tokarar kaskon giyabos, sai ka sassauta mazaunin injin ka ɗan ɗaga shi da jak da katako a ƙasa kafin ta zare. Ni ranar da na fara ban san da haka ba, tun bayan la'asar nake fama har aka kira magariba motar na tsaye da ƙafa uku a ƙofar gida, washegari kuma ina da tafiya Daura. A gareji wannan ba komai ba ne, sun saba, suna da jak biyu da hannu huɗu.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta fi damuna wallahi. Jak ɗin da ke but na canjin taya ne kawai. Kada ka sa jikinka ƙarƙashin mota tana kansa, kuma kada ka tokare da bulon siminti, farfashewa yake lokaci ɗaya ba gargaɗi. In ba ka da ƙafafun ƙarfen nan na tokare mota, kuma ƙofar gidanka yashi ne irin na yawancin unguwanninmu, to maganar gida ta ƙare, ka kai gareji.

To amma gareji ma akwai nasu. Abin da na fi gani shi ne su ɗaure kusoshin bushin tam motar na sama taya na lilo. In aka sauke ta robar sai ta murɗe, ta zauna a murɗe, ba a daɗe ba ta sake tsagewa, kai kuma ka ce kayan ne jabu. Ƙa'ida ita ce a sa kusoshin sako-sako, a sauke motar nauyinta ya hau taya, sannan a ƙarasa ɗaurin, musamman ta gaba wadda take kwance. Toyota sun ba da awon ƙarfin ɗauri, 137 Nm manyan kusoshin, 103 notin taya, in kana da sifanar awo. A gida kai ke da iko da wannan, a gareji sai ka tsaya a kai ka roƙi oga da girmamawa ya yi hakan.

Idan kuma bushin kaɗai kake son canzawa don rage kuɗi, wannan ba aikin gida ba ne, matse shi ake da inji, masu bugawa da guduma suna lalata bakin ramin. Kana iya kwance am ɗin da kanka ka kai a matse maka ka dawo ka ɗaura. Ɗan Beljiyam ƙarfensa mai kyau ne amma robar ta sha shekaru, ka murɗa ta da hannu ka duba tsaga kafin ka biya, ko nan Katsina ka saya ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon ka gwada, na hagu da na dama ba ɗaya ba ne.

Ni a matsayinka, tunda ban ji ka ambaci kayan aiki ba, gareji zan kai in tsaya a kai. Ko ina aka yi, daga nan ka wuce wajen alaimen kafin ka hau hanyar Dutsin-Ma, in ba haka ba gefen tayar zai cinye. Ka faɗa mana motar otomatik ce ko manuwal.